Wi-Fi ɗin gida na tafiyar hawainiya: kar ku yi saurin ciro kuɗi

Saƙonnin wannan makon kusan duk kuka ɗaya ne, Wi-Fi na gida ya ƙi gudu. To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wani ɗan uwa ya rubuto: "Rawutata tana falo, a ɗakin kwana kuwa bidiyo sai ya yi ta juyawa. Na ga ana tallan wani ɗan busta da ake cewa yana ninka ƙarfin intanet sau goma, in saya?"

Malam, kar ka saya tukuna. Wannan tallan ne yake ɓata min rai wallahi, domin babu wata na'ura da za ka soka a soket ta ninka maka intanet ɗin da kamfani ya ba ka, abin da ya shigo gidan shi ne dai ya shigo. Bustan nan aikinsa kawai ya kamo siginar rawuta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, ya sake watsa ta, kuma irin na arha mai rediyo ɗaya da bakin da yake karɓa da shi yake bayarwa, don haka gudun yakan ragu kusan rabi. Sai ka ga sandunan sabis sun cika fal a waya amma shafi ya ƙi buɗewa. Kuma yawancin mutane sai su kai shi can cikin ɗakin da babu sabis ɗin, to me zai kamo a can? In ma dole ne sai an saka shi, a tsakiyar hanya ake sakawa, inda siginar take da ƙarfi tukuna.

Kafin komai yi wannan gwajin, kyauta ne. Haɗa kwamfuta da rawuta da kebul ka buɗe shafin auna gudun intanet irin su fast.com ko Speedtest ka ga lambar da ta fito. Sannan ka cire kebul ɗin ka gwada da Wi-Fi kana tsaye kusa da ita, sannan ka shiga ɗakin ka sake gwadawa. In da kebul ma a hankali yake, to matsalar daga kamfanin da ke ba ka intanet ne ko daga tsarin da ka biya, ko busta goma ka jera ba abin da zai canza. In kuwa da kebul lafiya lau, kusa da ita ma lafiya, sai a ɗaki ne yake mutuwa, to wurin da ka ajiye ta ne. Na sha ganin rawuta a ƙasa bayan talabijin, ko a cikin kabad an rufe wai don kar ta ɓata ado. Bangon kankare, ƙarfe, madubi, har ruwa duk suna cinye sigina. Ɗaga ta sama, a fili, kusa da tsakiyar gida. Sau da yawa nan kaɗai maganar take ƙarewa. In gidan babba ne sosai, abin da ya fi shi ne a ja kebul zuwa ɗaya ɓangaren a saka wata rawutar a can, amma kebul ɗin ma a kula, a nemi Cat5e ko Cat6 na tagulla zalla, akwai na jabu da alminiyom ne aka shafa masa tagulla a sama, da an lanƙwasa shi sau biyu ya karye daga ciki.

Wani kuma ya ce: "Na biya tsarin 40Mbps amma in ina sauke fayil 5MB kawai yake nunawa a daƙiƙa, an cuce ni ko?"

Ba a cuce ka ba. Kamfani da bit yake lissafi, wayarka da bayit, kuma bit 8 ne bayit 1. Raba 40 gida 8, 5 ke nan. Ka samu haƙƙinka cif.

Wata baiwar Allah ta rubuto cikin damuwa: "Ban taɓa komai ba, kwatsam sati biyu ke nan ya koma jan ƙafa, yara suna karatu da shi, ina tsoron ko wani ne ya yi min kutse."

Kwantar da hankalinki 'yar uwa, galibi abin bai kai nan ba. Fara da kashe rawutar ki cire daga wuta kamar minti ɗaya ki mayar. Taɓa jikinta ki ji, in ta yi zafi sosai ki matsar da ita inda iska ke shiga. Sannan ki duba takardar da ke manne a ƙasanta, akwai adireshin shiga saitin, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a ciki za ki ga jerin duk na'urorin da ke haɗe. In kin ga wadda ba ki sani ba ki canza kalmar sirri, ki tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3, ki kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Kar ki bar shi a kan WEP, tsoho ne ana fasa shi cikin sauƙi, kuma yana daƙile gudun ya tsaya a 54Mbps. Amma sau da yawa ɓarawon na cikin gida ne, wata wayar ce take tura hotuna sama ko kwamfuta tana sabunta kanta. Abu ɗaya da mutane ke mantawa: in adaftar wutarta ta lalace aka musanya da wata kowace iri, rawuta takan yi ta mutuwa tana tashi da kanta. Ki duba lambar volt da ke jikinsu ta yi daidai.

Sai mai tambayar wanne zai zaɓa tsakanin 2.4GHz da 5GHz, wato zanguna biyu da rawuta ke watsa Wi-Fi a kansu. Na 2.4 ya fi kai nesa da ratsa bango, amma cunkoso ne a kansa, Bluetooth na nan, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef na nan, ga rawutocin maƙwabta, kuma tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, to ka zaɓi ɗaya a cikinsu. Na 5 ya fi gudu amma ba ya jure bango. Kana kusa ka hau 5, ka yi nisa ka koma 2.4.

Na ƙarshe ya ce ya sayi rawuta mai eriya takwas an rubuta AC1200 a kwali, amma bai taɓa ganin 1200 ɗin ba. Haba malam, ai ba za ka gani ba. Lambar nan haɗa 300 na 2.4GHz da 867 na 5GHz aka yi aka ɗan cike ta, kuma wayarka a kan ɗaya kawai take hawa a lokaci guda. Ka juya kwalin ka duba ramukan kebul ɗinta, in an rubuta 10/100 to ba za ta taɓa wuce 100Mbps ba ko eriya ashirin ne a kanta, wadda aka rubuta Gigabit ake nema. In har yanzu rasit yana hannunka ka mayar musu.