Na haddace izu sittin amma lambar akawun tana kuɓuce min

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah ina da tambaya, ni dai sana'ar POS nake yi a Zariya kuma Alhamdulillah na haddace Alƙur'ani tun ina yaro, amma abin da ke ban mamaki kastoma zai faɗo min lambar akawun ɗinsa kafin in gama dannawa rabi ya gudu, balle in wani ya sa baki yana tambaya ko akwai netwok, shikenan sai an koma farko. Anya ƙwaƙwalwata ba ta fara samun matsala ba kuwa? Shekarata 34.

AMSA: Wa alaikumus salam Alaramma, kwantar da hankalinka, abin da ka faɗa ba ciwo ba ne, haka kan kowa yake. Haddarka da lambar kastoma ba wuri ɗaya ake ajiye su ba, ita hadda tana can cikin rumbu shekara da shekaru ana tilawa, lambar kuwa a tafin hannu ka riƙe ta kuma tafin hannu ba ya cin kaya da yawa.

Tun 1956 wani masani ɗan Amurka George Miller ya ce abin da mutum ke iya riƙewa a take bai wuce bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, daga baya ma a 2001 Nelson Cowan ya ce in ba a bar mutum ya maimaita ko ya haɗa su rukuni-rukuni ba to wajen huɗu ne kawai. Lambar akawun ɗin banki a Najeriya goma ce, BVN da NIN sha ɗaya-sha ɗaya, ka ga ai tun farko kayan sun fi ƙarfin wurin.

Sai kuma maganar lokaci, wadda ni a ganina ita ce ainihin damuwarka. A 1959 wasu mata da miji, Lloyd da Margaret Peterson, suka riƙa ba mutane baƙaƙe uku rak sannan su sa su ƙirga lamba da baya-baya don kar su samu damar maimaitawa, cikin daƙiƙa 18 kusan duk sun manta. Baƙi uku fa! Wato abin da ke riƙe maka lambar shi ne wannan nanatawar da kake yi a zuci, Alan Baddeley da Graham Hitch na Birtaniya su suka yi bayaninta a 1974, suka ce akwai sashen da ke juya sauti, akwai na hoto da wuri, akwai kuma mai raba hankali tsakaninsu. To shi mai tambayar netwok ɗin nan magana ya kawo, maganar kuma ta wannan hanyar sautin za ta bi, dole ta ture lambar. Kusan irinsa ne ke sa mutum ya yi kokwanton raka'a uku ya yi ko huɗu da zarar tunanin kasuwa ya shigo.

Abin yi, ka ce kastoma ya riƙa faɗa uku, uku, huɗu kana dannawa yana jira, dama rukuni-rukuni muke yanka lambar waya ba tare da mun lura ba. In shagon ya cika ya rubuta a takarda ko ya nuna maka a wayarsa, ba abin kunya ba ne, kuma ka karanta masa sunan da ya fito kafin ka tura. Ka kula da barci ma, rashinsa da yawan damuwa suna ƙara rage ɗan abin da ake iya riƙewa.

Inda zan ce ka je asibiti shi ne in ka fara ɓata a hanyar da ka saba bi, ko kana maimaita tambaya ɗaya ba ka san ka yi ta ba har 'yan gida suka fara magana, ko mantuwar ta zo farat ɗaya bayan buguwa a ka ko tare da nauyin harshe da mutuwar gefen jiki, wannan na ƙarshen kam a ranar za a tafi ba sai gobe ba.