Sabuwar mota dal a leda: sai an lallaɓa injin tukuna?

Tambaya: Salam Injiniya. Allah ya hore min na sayi sabuwar Corolla dal a leda. Babana ya ce kar in kuskura in taka ta sosai sai inji ya zauna, abokina kuma ya ce ai wannan zancen motocin da ne. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Bi maganar Baba, duk da abokin naka ma yana da ɗan gaskiya, don injinan yanzu daga kamfani ake gogo su sumul, ba kamar zamanin Fijo 504 ba.

Abin da ake jira ya zauna shi ne ringi. Kowane fistan, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, yana da ringi, wani zobe da ke gugar bangon silinda, ramin da fistan ɗin ke ciki, bangon kuma da gangan aka bar masa ƙananan zane-zane masu riƙe baƙin mai, to sai ringin ya goge su a hankali ya dace da bangon tsaf sannan inji zai riƙe ƙarfinsa. In bai zauna da kyau ba, nan gaba ne za ka ga mota tana shan baƙin mai kana ta zagin makanike, alhali kai ka jawo.

Buɗe littafin da ya zo da motar, wanda yawancinmu a leda muke barinsa har mu sayar da ita. Toyota sun ce kilomita 300 na farko ka guji taka birki kwatsam, sannan har zuwa kilomita 1,000 kar ka danna totur da ƙarfi lokaci ɗaya, kar ka yi mugun gudu, kar ka daɗe a ƙaramar giya. BMW ma har kilomita 2,000 suke cewa.

Wanda mutane ba su sani ba, tafiya a gudu ɗaya na dogon lokaci ita ma ba a so. Kar ka hau titin Kano zuwa Kaduna ka kafe a 100 kana ganin kana lallaɓa ta, ka riƙa hawa kana sauka. Barin ta tana ƙugi a tsaye da safe ma ba amfani, tayar da ita ka ja a hankali har ta ɗau zafi.

Mai tokumbo wannan bai shafe shi ba, sai fa in an sauke injin an sa sabon ringi a gareji. Shi kam ya fi ka buƙatar haƙuri, kuma ya juye baƙin mai da filta da wuri, tun kafin ya cika kilomita 1,000.