Tsirran da na gani a waya sun mutu a gidana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Na daɗe ina kallon bidiyon matan Turai a TikTok, falonsu cike da tsirrai kore shar, har na kashe jaka bakwai na sayo tukwane uku wajen masu sayar da fulawa. Na bi maganarsu sak, ban ruwa sau ɗaya a mako, amma kafin ƙarshen Afrilu biyu suka bushe. Na ukun na shiga ba shi ruwa safe da yamma, shi kuma ya ruɓe. Uwar mijina ta ce Allah ne ya raba ni da wahala, wai shuka a ɗaki tana shanye iskar mutum da dare, tana kuma tara sauro. Ga ɗana mai shekara 12, shi ma kullum kansa na cikin waya. In sake gwadawa ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki sake gwadawa, amma ki jira ruwan farko ya sauka. Shekaru ke nan ina koyar da kimiyyar halittu a kwaleji, kuma ni ma na kashe tukwanen da ba zan iya ƙirgawa ba kafin hannuna ya faɗa, saboda haka ba daga sama nake miki magana ba.

Matar da kika gani a bidiyo ba ƙarya ta yi ba. Gaskiyar ɗakinta ta faɗa. A can ɗaki yana zama wajen digiri 20, rana ba ta da ƙarfi, ƙasar tukunya takan yi kwana bakwai da danshinta. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a inuwa, iska busasshiya ce ƙamas, ga wuta da ake ɗaukewa, fanka ta tsaya, ɗakin kwano ya koma tanda. Ƴar tukunyar roba baƙa da aka ajiye kusa da taga ta yamma, kafin la'asar ƙasarta ta yi zafin da ba ki iya barin yatsa a ciki. Saiwar biyun farko dahuwa ta yi. Na ukun kuma kin gudu daga gara kin faɗa wa zago: saiwa tana numfashi, iska take samu a ƴan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, to idan ruwa ya cike ramukan dare da rana sai ta shaƙe ta ruɓe. Abin da ke ruɗa mutane shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, kamar mai jin ƙishi, sai a ƙara mata. Ina kyautata zaton da kin juya tukunyar nan da kin tarar ba ta da huda a gindi, ko hudar ta toshe.

Ki daina ƙirga kwanaki. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. Idan ya fito da sanyi da ɗan laima, ki ƙyale ta. Idan ya fito a bushe, ki zuba ruwa sosai har ya ɓullo ta ƙasa, da sassafe ko bayan magariba. A bazara wannan zai iya zama kullum, a damina wataƙila kwana huɗu ba ki taɓa buta ba. Ganye rawaya mai laushi da ƙasa mai ɗoyi, ruwa ne ya yi yawa. Bakin ganye ya ƙone yana ƙaras-ƙaras, rana ce ko ƙishi ko gishiri.

Tukunyar ƙasa ta fi roba nesa ba kusa ba, dalili kuwa shi ne wanda ya sa ruwan randa ke sanyi: tana tsatsafo, tsatsafon yana bushewa yana tafiya da zafi. Ranar Litinin ko Juma'a ki shiga kasuwa ki nemi masu tukwane, ko wadda ta tsage ma ta yi, sai a huda gindin da ƙusa a hankali. Ƙasa kuma kada ki ɗebo ta fadama zalla, tana daskarewa kamar bulo. Ni nakan haɗa kwano biyu na yashi, ɗaya na ƙasar fadama, ɗaya na takin awaki da ya shekara ya ruɓe har ya daina wari. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, ya kuma gayyato gara. Batun ruwa, na san ba kullum famfo ke kawowa ba. Ruwan alwala ya wadatar, haka ruwan wankin shinkafa, ko ƙasari idan an sirka shi kafin ya yi tsami. Wanda ke da garin sabulu ne ban yarda da shi ba, gishirinsa yana taruwa, za ki ga farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya.

Sai abin da za ki shuka, nan ne nake ganin mun fi yin asara. Muna zuba kuɗi a kan tsiron da asalinsa na ƙurmi ne, mai son inuwa da raɓa, alhali waɗanda Turawan ke saye da tsada wasunsu daga nahiyarmu aka kwashe su. Moɗa, wadda kakanninmu ke murza igiya da zarenta, danginta ne ake jerawa a falon Paris. Ita da zabuwa, wato dangin alobera, suna rufe ƴan ƙofofin ganyensu da rana su buɗe da dare, shi ya sa ba sa asarar ruwa, kuma mantuwa ba ta kashe su. Moɗa tana jure inuwar ɗaki. A tsakar gida, inda rana ke bugawa da hantsi sannan inuwar bedi ta rufe da azahar, ki sa na'ana'a da ɗoɗɗoya da sitronel, kin ga shayin maigida ya samu. Zogala ma tana yi a rabin tano idan ana datse kanta, ko da yake ba za ta kamo ta lambunan Jiratawa ba. Ƙariya tana da fure mai kyau kuma ba ta jin fari, amma ruwan jikinta guba ne, gidan da ke da mai rarrafe a ɗaga ta sama ko a haƙura da ita. Haka wata mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake kira difenbakiya, yaro ya tauna ta bakinsa zai kumbura.

Yanzu maganar Inna. Ki gaishe ta, ki ce mata malamin ya ba ta gaskiya rabi. Sauro kam ta faɗi daidai, sai dai ba ganyen ke haifar da shi ba, ruwan da ke kwanciya a farantin da ake sa wa a ƙarƙashin tukunya ne. A zafi irin namu, daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Ki riƙa zubar da ruwan farantin, ko ki cika shi da yashi, musamman daga Yuli zuwa Oktoba lokacin da masassara ke kwantar da yara. Zancen shanye iska kuwa, gaskiya ne shuka tana shaƙar oksijin da dare, amma abin da tukwane uku za su sha bai kama ƙafar na jariri ɗaya da ke kwance a ɗakin ba. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki da hunturu a rufe ƙofa da taga. Wannan yana kisa.

Su ma masu bidiyon suna da tasu tatsuniyar, wai tsiro yana tace iskar ɗaki. Asalin maganar wani gwaji ne da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 1989, a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. A 2019 masu bincike a jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ce sai an jera tsiro 10 zuwa 1000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje ke yi. Ki buɗe taga, ki yi shuka don tana faranta miki rai.

Na bar zancen yaron a ƙarshe don shi ya fi damuna. Ban ga amfanin ƙwace wayar ba, na gwada a gidana, rigima kawai na saya. Akwai shekarar da na ba ƴan ajina aikin gida kan yadda iri ke tsira. Fiye da rabinsu suka kawo mini amsa iri ɗaya, har da bayanin yadda ake kare tsiro daga ƙanƙara, yaran da ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin leda. Ban yi faɗa ba. Mako na gaba na ce kowa ya zo da gwangwanin tumatir biyu da ƙwayar wake shida. Gwangwani ɗaya a bakin taga, ɗaya cikin kwali mai ƴar huda a gefe. Sharaɗin shi ne kullum a ɗauki hoto da wayar gida, lokaci ɗaya, da abin awo tsaye a gefe, a rubuta tsawon a littafi. Kwana huɗu wake ya fasa ƙasa. A kwana na goma wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta zo da kwalinta a rungume, tsiron ya yi fari sol, ya yi tsawo siriri, ya lanƙwasa ya leƙo ta hudar. Ta ce, "Mushe, wa ya gaya masa ƙofar tana nan?" Tambayar da masanin halittu Charles Darwin da ɗansa Francis suka zauna a kanta ke nan wajen 1880, har suka gano cewa kan tsiron ne ke jin haske ya aika saƙo ƙasa a lanƙwasa.

To ki ba ɗanki wannan aikin, kuma ki damƙa masa tukunya guda ta zama tasa, ya mutu ko ya rayu a hannunsa. Akwai manhajar PlantNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka ƙirƙiro, ana ɗaukar hoton ganye ta faɗi sunansa. Ya gwada ta a kan tafasa da yakuwa da tumfafiya, sannan ya kai wa Inna ganyen ta faɗi nata sunan da maganin da yake yi, ya rubuta su gefe da gefe. Wani lokaci manhajar za ta yi kuskure, don ta fi sanin tsirran da aka fi ɗora mata hotunansu, ranar kuwa za ki ga yadda kaka da jika za su haɗu su yi mata dariya. A nan jihar ne fa, a 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya tsuguna ya duba ƴan tohon da kowa ke sarewa a gona, ya gane kututturan itatuwa ne masu rai, manoma suka ɗauki abin da ake kira sassabin zamani, wato barin tohon ya girma maimakon a sare shi, miliyoyin itatuwa suka dawo.

Kafin ki sayi ko tukunya ɗaya, ki duba ko akwai akuya a gidan. Jar akuyarmu ba ta san jaka bakwai ba. Tawa na'ana'ar da ta yi wata uku ina lallaɓa ta, tsakanin sallar azahar da dawowata daga masallaci aka gama da ita, sai da na sa maƙeri ya yi mini teburin ƙarfe mai tsawon ƙirji, na kuma ja shi nesa da turmi, don a kan turmin take takawa ta hau.