Tambaya da Amsa: Wai da mi ɗalibai sunka fara rediyo?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gajiya. Ni ɗaliba ce a jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, mu shida munka yi shawarar buɗe ƴar rediyo tamu ta ɗalibai amma ana ta ce muna wannan aikin masu kuɗi ne. Don Allah ina abin ya samo asali, kuma waɗanda sunka fara da mi sunka fara?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, gajiya ta bi lafiya. Bari in ba ki labarin guda ɗaya ki kai ma masu maganar kuɗin.

A 1936 a jami'ar Brown da ke garin Providence can Amurka, wasu ɗalibai biyu George Abraham da David Borst suka fara nasu daga ɗakin kwana, ba eriya ba doguwar hasumiya ba komai, waya kawai suka riƙa ja daga wannan gini zuwa wancan, suna sa ƴan ƙananan na'urori marasa ƙarfi ta yadda sai wanda ke cikin ginin kaɗai zai kama su in ya murɗa akwatinsa, kina fita titi shike nan murya ta ɓace. To wannan rashin ƙarfin ne ma ya taimake su, don tun da ba su shiga iskar kowa ba babu wanda ya tsare su da zancen lasisi. Wasu makarantu suka kwaikwaya har a 1940 aka kafa ƙungiyar gidajen rediyon jami'o'i. Ita tashar Brown ɗin ta zama WBRU, ta hau FM a 1966, a 2017 kuma ta saida mitar ta koma intanet. Kin ga inda su suka ƙare bayan shekara 80 nan ku za ku fara, da wayar da ke hannunki.

Nan kusa da mu akwai Radio Univers ta jami'ar Legon a Gana tun shekarun 1990, akwai ta jami'ar Legas a kan 103.1, akwai ta Bayero a Kano. Mu Nijar rediyon gwamnati tun 1958 yake, amma masu zaman kansu irin su Anfani sai bayan babban taron ƙasa na 1991 suka samu hanya, rediyon karkara na farko kuma a Bankilare 1999.

Maganar FM kam gaskiya sai da izinin hukumar da ke kula da kafafen watsa labarai, kuma sai jami'a ta tsaya muku, kada wani mai gyaran rediyo ya ce zai haɗa muku na'ura a ɓoye ku yarda. Ku fara da shiri ɗaya a sati na minti 20, ku ɗauka da waya ku tura WhatsApp da Facebook, in ya yi daɗi ku je wani gidan rediyo na cikin gari ku roƙi fili. Wajen ɗauka ku shiga ƙaramin ɗaki ku jingina katifa a bango, ku kashe fanka, eh na san zafin Tawa a watan Afrilu amma ƙarar fanka tana cinye murya, ku yi haƙuri ku sha zufa na ɗan lokaci.

Abin da ni ya fi damuna ba kayan aiki ba ne. Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce, ku shidan nan in duk ajinku ɗaya rana ɗaya za ku watse, wannan ta yi aure Konni, wancan ya tafi mastar Yamai, shafin ya rage da lambar sirrin da mutum ɗaya kaɗai ya sani shi kuma ya canza layi. Na Brown sun daɗe ne don ƴan sabon shiga suna karɓa daga hannun manya kowace shekara. Saboda haka tun shirin farko ku jawo ƴan shekarar farko biyu ko uku, ko da riƙe waya kawai za su yi, ku buɗe kaye guda da za ku rubuta yadda ake komai, sannan ku zauna ku yanke wa zai riƙe shirin lokacin babban hutu kafin kowa ya hau motar garinsu.