Tambaya da Amsa: Matsayin Waƙa da Ganga a Cikin Misa

Tambaya: Ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta cocinmu na Katolika a Sabon Gari, Kano. Mahaifina, wanda ya tashi lokacin da ake Misa, wato babbar ibadarmu, da harshen Latin, yana cewa ganga da tulu ba su dace da gaban bagadi ba, su kuwa matasanmu so suke a ƙaro fiyano da lasifika. Mene ne matsayin Ikilisiya?

Amsa: 'Yar'uwa, ki gaishe mana da Baba, domin damuwarsa tana da tushe. A wurin Katolika waƙa addu'a ce, kuma gaɓa ce ta ibadar kanta. Bisharar Matiyu 26:30 ta nuna cewa Yesu da almajiransa sun rera waƙar yabo bayan jibin ƙarshe kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, Zabura ta 150 kuma ta ambaci ƙaho da garaya da ganga a cikin kayan yabon Allah.

Abin da ya warware gardamar gidanku shi ne Majalisar Batikan ta Biyu, wato babbar majalisar shugabannin Ikilisiyar Katolika na duniya, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965. Kundinta kan tsarin ibada, wanda Paparoma Bulus na Shida ya ƙaddamar ranar 4 ga Disamba, 1963, ya keɓe babi na shida ga waƙa. Ya ba tsohuwar rerawar Giregori ta Latin matsayi na gaba, ya kuma girmama ogan, wato babban kayan kiɗan majami'a mai bututu, kuma a nan Baba yana da gaskiya. Amma sashe na 119 ya umarta a mutunta kiɗa da waƙar gargajiyar kowace al'umma a ba su gurbi, sashe na 120 kuma ya yarda da wasu kayan kiɗa idan hukumar Ikilisiya ta yankin ta amince, muddin sun dace da darajar ɗakin Allah. Ta wannan ƙofa ce ganga da tulu da gora suka shigo, kuma duk wanda ya ji Zumuntar Mata suna bayarwa jama'a na amshi ya san cewa salon Bahaushe na jagora da 'yan amshi ya yi daidai da yadda ake rera Zabura tsakanin karatun Littafi Mai Tsarki a Misa.

Inda na fi jin tsoro shi ne ɓangaren matasan. Kundin ya nace cewa dukan jama'a su sa baki, don haka aikin mawaƙa jan jama'a ne. Idan ƙarar lasifika ta danne kalmomi har tsohuwar da ke bencin baya ta yi shiru tana kallo, to an ƙwace mata rabonta na addu'a, komai daɗin muryoyinku. Wannan ya fi muhimmanci a gari irin Kano, inda Bahaushe da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna da na Filato suke zama a benci ɗaya. Amshi gajere da kowa zai iya kamawa ya fi doguwar waƙar da sai mai takarda.

Ki kuma lura cewa waƙoƙin ba darajarsu ɗaya ba. Waɗanda suke jikin Misa, wato roƙon jinƙai, da Ɗaukaka, da Halleluya kafin Bishara, da Mai Tsarki, da Ɗan Rago na Allah, su ya kamata ku fara ƙwarewa a kansu kafin waƙar baiko, wato ta lokacin ba da sadaka, ko da yake na san ita ce ta fi cin lokacin gwaji. Lokaci ma yana da hukuncinsa: a azumin kwana 40 ana ajiye Halleluya har daren Ista, kayan kiɗa kuma tallafa wa murya kawai suke yi.

Shawarata ita ce ku zauna da Fada, wato limamin cocinku, da katikis mai koyar da addini, ku tsara waƙoƙi bisa karatun kowace Lahadi, ku rage ƙarar na'ura, sa'an nan ku roƙi Baba ya koya muku Mai Tsarki da Ɗan Rago na Allah da Latin, domin kundin nan ya bukaci jama'a su iya rera waɗannan sassa tare, da harshen Latin.