Tambayoyinku kan ƙarfin maza da sinadarin testosteron

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin yawancin saƙonnin da suka shigo kan magana ɗaya suke, wato sinadarin mazantaka da ake ce wa testosteron, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Wani matashi daga Tudun Wada ya ce: "Likita shekarata 24, na faɗa istimna'i tun ina sakandare, yanzu Alhamdulillah na bari amma ina yawan mafarki. An ce min na ƙarar da maniyyina, sinadarina ya ƙone, ba zan haihu ba. Ina son aure amma tsoro ya hana ni."

Ƙanena kwantar da hankalinka, maniyyi baya ƙarewa. Tun daga ranar da ka balaga marainanka ke ƙera ƙwayoyin haihuwa miliyoyi a kullum, kowace ƙwaya tana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ta nuna, wasu na fita wasu na tasowa, haka har tsufa. Ruwan da kake gani bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma mafi yawansa ma ba daga maraina yake ba, wasu jakunkuna ne a bayan mafitsara ke samar da shi, ba jini ba ne balle a ce ka yi asarar jini. Shi kuma testosteron a cikin jini yake yawo, baya tsiyayewa ya bi maniyyi. Mafarki lafiya ce ga saurayi.

Hukuncin istimna'i a addini wannan fagen malamai ne, su za ka tambaya, ni jiki na karanta. Abin da nake gani da idona yana cutar da samari shi ne abin da ke tafiya tare da ɗabi'ar, kallon batsa a waya har ƙarfe uku na dare, rashin barci, sai kuma wannan tsoron da kake ciki. Tsoron shi ya fi damuna wallahi, saboda ango zai shiga ɗaki zuciyarsa na dukan uku-uku ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ya lalace, jikin mai fargaba kuwa matse hanyoyin jini yake yi, gaba ta ƙi tashi, sai ya ce ai ga shi abin da aka faɗa ya tabbata, alhali lafiyarsa ƙalau. In kana farkawa da asuba ka ga gabanka a miƙe, to jijiyoyi da hanyoyin jini suna aiki. Ka je ka nemi aurenka.

Wani daga Barnawa mai ɗaga ƙarfe ya ce ya gani a TikTok wai in namiji ya riƙe maniyyinsa testosteron ɗinsa zai ninka, yanzu sai ya yi sati uku bai kusanci iyalinsa ba don ƙwanjinsa ya fito.

Haba ɗan'uwa, haƙƙinta fa? Asalin maganar nan wani ɗan ƙaramin bincike ne da aka yi a China a 2003 kan maza 28, aka ga sinadarin ya ɗan hau a rana ta bakwai, daga nan ya sauko ya koma inda yake. Masu bidiyo hawan suke faɗa maka, saukar basa faɗa. Kusantar iyali baya rage ƙwanji. In da gaske sinadarin kake so ya zauna daidai ka duba barcinka, domin cikin barci jiki ya fi samar da shi, shi ya sa ya fi yawa da sassafe. A jami'ar Chicago ta Amurka a 2011 an sa samari lafiyayyu barcin awa biyar kacal na tsawon sati ɗaya, sinadarinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kai da ke zaman majalisa har ɗayan dare ka tashi asuba, nan ne yake zuba.

Wani Alhaji ɗan kasuwa a kasuwar Sheikh Gumi, shekara 52, ya ce shekara biyu ke nan ƙarfinsa ya ragu, wasu sun ce basir ne wasu sun ce sanyi, ya sha na gora ya sha na ƙulli wajen masu mota da lasifika, yanzu wani ya ba shi shawarar allurar testosteron.

Ranka ya daɗe, kafin a yi maganar allura yaushe rabonka da auna suga da hawan jini? Tashin gaba aikin jini ne, jini ke cika ta, kamar famfo ne in bututu ya toshe ko tanki a cike yake ruwa ba zai zo da ƙarfi ba. Hanyoyin jinin da ke zuwa wurin sirara ne, sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka in ciwon suga ko hawan jini ko kitse ko taba suka fara lalata hanyoyin jini, can ake fara ganin alama, sau da yawa shekaru kafin zuciya ta nuna nata. Akwai magidanta da yawa da sanadin wannan ƙorafin aka gano suna da suga basu sani ba, mutum na fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare yana cewa sanyi ne. Basir kuwa a dubura yake, baya kashe gaba, an dai ɗora masa laifin komai a ƙasar nan.

Gaskiya ne sinadarin na raguwa da shekaru, amma a hankali, kamar kashi 1 cikin ɗari a shekara bayan mutum ya haura talatin zuwa arba'in, kuma tumbi na ƙara saukar da shi saboda kitse na juya wani kaso nasa ya koma sinadarin mata. Amma yawancin masu raunin gaba in an auna sai a tarar nasu daidai yake. Ba a gane ƙarancinsa da ido. Jini ake ɗauka da safe tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10, in ya fito ƙasa da 300 a ma'aunin ng/dL a sake a wata rana, sai an samu ƙasa sau biyu kuma ga alamomi, sha'awa ta mutu, kasala, sannan likita zai fara tunanin magani. Ka je asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin Shika da ke Zariya ka nemi ganin likitan mafitsara.

Maganin gorar nan kuma ina roƙonka don Allah ka bari. Ba duk maganin gargajiya nake kushewa ba, amma wanda ba suna ba lambar NAFDAC, ka sha cikin rabin awa ka ga aiki har da ciwon kai da toshewar hanci da jan ido, akwai alamar an daka ƙwayar Viagra a ciki, kuma ba wanda ya san nawa aka zuba. Mai shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe in ya haɗa da ita jininsa na iya faɗuwa warwas. Wanda gabansa ta miƙe ta wuce awa huɗu bata kwanta ba ya tafi asibiti a daren, ba maganar kunya ba ce, musamman masu sikila. In kuma kana zargin maganin hawan jininka ne ya jawo, kar ka daina da kanka, faɗa wa likitanka ya canza maka.

Wata baiwar Allah daga Rigasa ta ce shekararsu uku da aure ba ciki, ita an yi mata gwaji an ce lafiya, maigida ya ƙi zuwa, ya ce shi ƙarfinsa ba matsala kuma maniyyinsa da kauri, har allurar ƙarin ƙarfi ake masa a kemis duk wata.

'Yar'uwa wannan saƙon ya taɓa ni sosai. In allurar nan testosteron ce, tana iya zama ita ce ta hana cikin. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina umarni su yi aiki, in ta ga sinadarin ya cika jini daga waje sai ta daina aikawa, maraina su daina ƙera ƙwayoyin haihuwa har su ɗan motse. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta gwada wannan allurar a shekarun 1990 a matsayin hanyar tazarar haihuwa ta maza, kuma ta yi aiki. In ya daina yawanci ƙwayoyin na dawowa, amma sai an yi haƙuri na watanni, wani har shekara. Kauri ko tsinkewar maniyyi baya nuna komai, sai an sa a madubin likita an ƙirga, ana son a samu aƙalla miliyan 16 a kowace mililita, kuma ƙarfin kwanciya daban haihuwa daban. Kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa akwai hannun namiji a matsalar. Gwajinsa ya fi naki sauƙi da araha nesa ba kusa ba, zai ƙaurace kwana 2 zuwa 7 ya ba da samfur shi ke nan. Ki lallaɓa shi cikin sirri, ba a gaban danginsa ba, ki ce ku je tare, ki ɗauko kwalbar allurar a nuna wa likita.

Wani ya tambaya ko sanƙo da cikar gemu alamar yawan sinadari ne. A'a, gado ne, yadda saiwar gashin mutum ke amsa sinadarin ne ya bambanta. Mai tambaya kan kunun aya da dabino da kwakwa, ka sha abinka abinci ne mai kyau, amma ba magani ba ne, mai suga kuma ya yi hankali da dabinon.

Na ƙarshe wani mai Keke Napep daga Mando, ya ce tramadol yake sha saboda saurin kawowa da gajiyar aiki, da farko ta yi masa amfani, yanzu ko sha'awar ma babu.

Ɗan'uwa ita ce ta yi maka haka. Tramadol da kodin suna jinkirta kawowa da farko, amma in aka daɗe a kansu suna danne umarnin nan da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, sinadarin ya faɗi, sha'awa ta tafi, ga farfaɗiya da take jawowa in an sha da yawa. Saurin kawowa ba ƙarancin testosteron ba ne, kuma yana da magani da dabarun da ake koya wa ma'aurata a asibiti. Kar ka yanke ta rana ɗaya, jikinka zai wahala ka koma, ka je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa suna da sashen masu son barin ƙwaya, za su rage maka a hankali. In ka samu wata uku da rabuwa da ita a auna jinin da safe mu ga inda ya tsaya.