Amsa ga ɗan uwa mai fitilar rainon iri da ke mutuwa tana tashi

Assalamu alaikum ɗan uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ka lissafa ɗin nan kaf na gan shi da idona. Ka ce fitilar sodiyam ce mai wat 400 irin ta araha ka rataya ma irin tumatir da tattasai cikin ɗaki, cok ɗin, wato ƙarfen nan mai naɗin waya da ke danne wutar da ke zuwa ma ƙwan, shina gurnani shina zafi, ƙwan shi kama shi yi haske kamar minti goma shi mutu, in an jima shi sake kamawa da kanshi, kana tambaya ko ka sayi sabon cok ko ka kai a sake naɗa wanga. Kafin komai don girman Allah kar ka kwanta yau ka bar ta kunne, ka cire ta daga soket gaba ɗaya har ka gano inda matsalar take.

Kuma kar ka yi saurin yanke ma cok ɗin hukunci. Wagga mutuwa da tashi da kake gani, mafi yawan lokaci ba cok ke kawo ta ba, ko dai ƙwan ya tsufa ko wutar da ke shigo maka ta yi ƙasa. Ƙwan sodiyam in ya sha aiki, ƙarfin wutar da yake buƙata don shi riƙe haske ƙaruwa yake yi in ya ɗau zafi, har shi kai inda cok ba shi iya ciyar da shi sai shi mutu, in ya huce igineta, wato ɗan abin nan da ke tada ƙwan, ta sake harba mai shi tashi, haka za shi ta yi har safe. To in kuma anka haɗa da rabin wutar da muke samu daga magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare, ko ƙwan da bai tsufa sosai ba sai shi yi maka haka. Ka ciro ƙwan bayan ya huce ka duba ɗan farin bututun da ke cikinshi, in bakinshi biyu sun yi baƙi to ya gaji. Kuma wasu masu kayan arahar nan ƙwan da anka ciro daga fitilun kan titi suke goge ma ƙura su sa cikin sabon kwali.

Ni nawa ga yadda anka yi mani. Nan Jega nake, kuma kun san damuwarmu, wanda ya riga dasawa shi ke cin kasuwa, amma bedin iri a waje cikin Agusta ruwa ke dukanshi, ga ruɓewar gindi ga farin ƙuda, irin haibirid kuwa ba abin wasa da shi ba ne yadda ya yi tsada. Shi ya sa na ware ɗaki guda na jera tire-tire. Wani mai tallar kaya a waya ya turo mani hotuna, ya rantse mani da Allah cewa cok ɗin zallar kofa ce ciki, wato wayar jan ƙarfe, sabo dal, wai har masu gidan gona na Kaduna da Jos wurinshi suke saye. Na tura mai kuɗi, kuɗin da na tara na sayar da albasa, ya sako kayan a mota na je tasha na karɓa. Ba iri na kaɗai ke ɗakin ba, mutum biyu daga cikin maƙwabtan gonata sun ba ni nasu irin amana in raina masu, ɗaya ma dattijo ne sa'an babana.

Da farko gurnani kawai yake, na kira shi ya ce haka suke duk. Sai mutuwa da tashi ta fara, na kira shi ya ce wutar garinku ce ba kayana ba. Daren da abin ya faru wajen ƙarfe biyu ne, lokacin da kowa ya kashe kaya wuta ta cika ta yi ƙarfi, uwar ɗiyana ce ta tashe ni ta ce tana jin ƙaurin wani abu awa ana ƙona roba. Na buɗe ɗakin hayaƙi ya buge ni, katakon da cok ɗin ke kai ya yi baƙi ya fara ci, wani abu baƙi mai danƙo na ɗiga daga jikinshi bisa tiren da ke ƙasa, kuma bango guda ne tsakanin ɗakin da inda yara ke kwance. Bango guda ɗan uwa. Na ruga na sauke bireka na ɗebo yashi da hannu na zuba, hannuna na rawa ban ma san na ƙone a yatsa ba sai da gari ya waye. Har yau in na ji ƙaurin waya ko a kasuwa ne sai cikina ya juya. Irin da ke ƙarƙashin fitilar ya dahu, sauran hayaƙi ya kwantar da su, kaɗan sunka tashi. Abin da ya fi ƙona mani rai ba kuɗin ba ne, zuwan da na yi gidan dattijon nan in faɗa mai irinshi ya tafi, ya yi shiru ya ce Allah shi mayar da alheri, ko ƙwandala bai tambaye ni ba, wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Da munka kai cok ɗin wurin wani mai naɗin koyil na injin ban ruwa ya fasa shi, sai ga waya siririya ta alminiyam an shafa mata kalar kofa, ya kankare da wuƙa ta fito fara fat. Ya ɓanɓare sitikar da ke sama, a ƙasa an buga 220V 60Hz. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce a kan 50Hz, wato sau 50 take juyawa cikin daƙiƙa guda. Cok ɗin da anka yi don 60Hz, irin na ƙasashe kamar Saudiyya, in ka ɗora shi a 50Hz ba shi iya danne wutar yadda ya kamata, sai shi bar ta ta wuce fiye da ƙima shi ta ɗaukar zafi, balle in dare ya raba wuta ta hau 240 ko sama. Wato mutumen nan ya sani, da hannu anka liƙa sitikar. Na tura mai hoton, ya ce wai ni na haɗa ba daidai ba, na ce to sitikar fa ni na liƙa? Ya daina ɗaukar wayata, daga baya ya toshe ni. Kuma har yanzu ina ganin tallarshi na yawo, shina sa ayoyi a sitatus. Ban yafe ba, ba don kuɗina ba, don ɗiyana da ke bayan bangon. Mutum shi san abu na iya cin gida da mutane shi sayar don ribar da ba ta kai ta kawo ba. Allah shi isar mana.

To ka fara da sitika. Ka duba jikin cok ɗinka da kyau ko akwai wata a ƙasa, ka ga an rubuta 50Hz, ka ga wat ɗin ya yi daidai da na ƙwan, 400 da 400, kuma na sodiyam ne ba na wani irin ƙwai ba. Ka ɗaga shi ka ji, na kofa na gaske nauyi gare shi sosai. Zafi kaɗai ba shi ne shaida ba, waɗanga cok ɗin ko masu kyau ba ka iya riƙe hannu a kansu, za ka ga an rubuta tw 130 a jikin da yawa, ma'ana wayar ciki na jure har digiri 130. Abin tsoro shi ne wari, ko fenti ya canza kala, ko wani abu na tsatsowa. In ka ga ɗaya cikin waɗanga kar ka tsaya gwaji, ya gama.

Ka samu mita ko ka ari ta mai gyaran waya ka auna soket ɗin sau uku, da rana, da bayan magariba, da tsakar dare. In da magariba kana ganin 170 ko 180 to ga rabin amsarka nan. Amma don Allah soket kawai, kar ka kuskura ka sa mita a holdar ƙwan alhali da wuta, igineta na harba bolt dubu uku zuwa biyar, za ta kashe mitar kuma kai ma ba ka tsira ba. Shi cok sai an cire wuta an kwance wayoyinshi ake aunawa, tsakanin bakinshi biyu za ka ga om kaɗan ne, wato ƙaramar lamba mitar za ta nuna, in mita ba ta motsa ba waya ta tsinke ciki, in kuma ta nuna haɗi tsakanin waya da ƙarfen jikin to wuta na zuba a jiki, wanga shi ke kashe mutum a ɗakin da ake ban ruwa kullum ƙasa jiƙe. Yawancin gidajenmu ma babu atin, wato wayar nan da ke kai wutar da ta zuba cikin ƙasa, kowa ya sani. Ka sa takalmin roba, kuma kar yaro shi shiga ɗakin.

Kafasita ma ka dube ta, farar gwangwanin nan, in ta kumbura ko ta tsage a canza, ta wat 400 wajen 45 zuwa 50µF ake rubutawa a jikinta, ka sayi mai lamba iri ɗaya. Tana riƙe wuta ko bayan an cire soket, a bari ta sauke ko mai gyara shi sauke ta kafin a taɓa. Wasu kayan arahar ma babu ita sam, fitilar za ta kama amma sai ta ja sama da amfiya 4 daga layi maimakon 2 da ɗan wani abu, shi ya sa ƙaramin janareta ke kuka da ita kuma ekistenshan ɗin nan mai araha ke narkewa. Inbata mai araha ma kar ka ɗora mata, ƙara ma cok gurnani da zafi take. Ni sitabilaiza irin mai ƙas-ƙas ɗin nan da na gwada daga baya da wata fitilar, duk sanda ta canza sai ƙwan shi mutu, sai irin wadda ake ce ma servo, mai gyara wuta a hankali, ta riƙe shi, kuma ka ɗauki babba don in wuta ta yi ƙasa ba ta ba da abin da anka rubuta.

Hanya mafi sauƙi dai ka ari ƙwai mai kyau ka gwada da rana kana tsaye a wurin. In ya tsaya bai mutu ba, ƙwanka ne. In bai kama ba sam kuma ba ka jin ɗan tsit-tsit ɗin igineta, ita ce, kuma ita ba ta da tsada. Ka duba cikin holda ma, ɗan harshen nan na tsakiya na yin baƙi ko shi kwanta. Kuma kar ka bar ta tana ta mutuwa tana tashi kwana da kwanaki wai kafin ka samu kuɗi, duk harbin da igineta ke yi cin rufin wayoyin yake, da haka ƙaramar matsala ke zama babba. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take ƙwan bai kama ba kar ka tsorata, sai ya huce minti ɗaya zuwa biyu.

Maganar naɗi kuwa, ni ban ba ka shawara ba. Masu naɗin fanka da injin ruwa sun iya aikinsu, wanda ya fasa mani nawa mutumen kirki ne kuma shi da bakinshi ya ce ba za shi naɗa ba, don cok akwai ɗan tazara da ake bari cikin ƙarfen wanda in bai dawo daidai ba wutar da za ta je ma ƙwan ta canza, ga kuɗin kofa kaɗai ya kusa na sabo. In dole sai ka ci gaba da ita, ka ɗora cok ɗin bisa bulo ko ƙarfe, ba katako ba, ba kusa da buhu ko leda ba, in da hali waje da ɗakin inda iska ke bugawa, ita igineta kawai ta zauna kusa da ƙwan.

Amma tsakani da Allah ɗan uwa, me irin tumatir na sati uku zuwa huɗu za shi yi da sodiyam mai wat 400? Haskenta ja-ja ne, irin miƙewa yake shi yi tsawo ba ƙwari, ga zafin da take zubawa cikin ɗaki, kai da ka san yadda Maris da Afrilu suke a Kebbi sama da digiri 40. In ka kunna ta awa 14 a rana, da abin da cok ke ci, ka haura yunit 6 kullum. Ni yanzu dogayen LED farare nake amfani da su masu lamba 6500K, na jera su kusa da tiren kamar taƙi guda sama da ganye ina ɗagawa in sun girma, ba cok ba igineta, ƙaramar sola na ɗaukarsu, kuma da safe in ba hadari fitar da tiren nake su sha rana ƙarƙashin net, don kafin dashe dole su saba da waje in ba haka ba ranar farko a fadama za su kwanta. Ruwa ma ka rage, yawancin irin da ke mutuwa cikin ɗaki yawan ban ruwa da rashin iska ne, ƙaramar fanka na taimakawa sosai. Su ma LED ɗin akwai na banza, araha ba ta ado, ka saya a shagon da ka san ƙofarshi inda za ka iya komawa ka tsaya gaban mutum, ba wanda za shi sako maka a mota ba.

Shi tsohon ƙwan kar ka fasa shi kuma kar ka bar ma yara, akwai makuri a ciki, sinadari ne mai guba. Ka ɗauko mana hoton rubutun jikin cok ɗin da na ƙwan, da abin da mita ta nuna maka da magariba da tsakar dare, ka turo nan mu duba tare. Kuma in a waya ka saye ta ka faɗa mani ta bayan fage daga wane gari anka sako maka ita.